Sunan da Hannu Ya Saba

Akwai wani aibi da ya yawaita a cikin mutane, wanda ba a cika lissafa shi cikin aibobi ba domin yakan zo ne sanye da rigar kirki. Shi ne mutum ya daɗe yana yin abu ɗaya har ya daina tambayar dalilinsa, sa'an nan ya kira wannan daina tambayar da sunan riƙon amana. Amana kuwa tana da ido: tana duban wanda ake riƙe ta dominsa, ta san ko yana nan ko ya kau, ta san abin da yake bukata a yau. Sabo ba shi da ido. An ce sabo turken wawa, amma na lura turken bai tsaya a kan wawaye ba. Ya fi kama mutanen kirki, domin su ne ke da juriyar maimaita abu shekara da shekaru ba tare da ƙosawa ba. Wannan ne ya sa nake so in ba da labarin Nukui Fusae ta kwarin Tobuse, wadda ban taɓa jin an kama ta da ƙarya ko ha'inci ba, amma ta rasa gidanta ta dalilin abin da kowa ya shekara talatin yana yaba mata a kai.

An haifi Fusae a Okunai, ƙauyen ƙarshe a kwarin, inda hanya ke ƙarewa dutse ya fara. Ubanta mai ƙona gawayi ne. Da ta gama makaranta sai ta samu aikin kwandasta a bas ɗin da ke hawa da sauka tsakanin Okunai da Nagiura ta bakin teku, tana yankan tikiti tana faɗin sunan kowace tasha kafin a iso ta. A nan aka fara sanin muryarta. Ba siririya ba ce, ba kuma mai kauri ba. Murya ce mai tafiya nesa ba tare da an ɗaga ta ba, irin wadda tsofaffin da ba sa jin jikokinsu ke ji sarai. Ta auri Shozo, ma'aikaci a injin tsaga katako, mutum mai barkwanci da kaifin baki, suka zauna a gidan iyayensa da ke bayan gadar Okunai.

Wata rana wani matashin malamin gona mai suna Oribe Sakuji, wanda ke shirin neman kujerar yankinmu a majalisar lardi, ya shiga bas ɗin ya ji ta tana kiran tasha. Kafin su isa Nagiura ya roƙe ta ta zama uguisu a motar yaƙin neman zaɓensa.

Sunan da muke ba matan nan ya dace da su, domin uguisu tsuntsu ne da ake jin kukansa daga cikin gora ba a ganinsa. Tun da doka ta hana ɗan takara bin gidaje yana ƙwanƙwasa ƙofa, ta kuma hana jawabi daga mota tana cikin tafiya, abin da ya rage shi ne kiran suna. Mace ta zauna a kujerar baya da farar safar hannu, hannu ɗaya a waje tana ɗagawa, ɗaya riƙe da abin magana, ta yi ta maimaita sunan tun hantsi har faɗuwar rana. Samarin manyan birane sukan yi wa wannan al'ada dariya, amma ba su yi nazari ba. A rumfar zaɓe farar takarda ake miƙa wa mutum da fensir, ya rubuta sunan wanda yake so da hannunsa. Saboda haka duk aikin uguisu shi ne ta zura suna ta kunne har ya gangara zuwa yatsu.

Babu wadda ta kai Fusae iya wannan aiki. "Oribe, Oribe, Oribe Sakuji ne ya zo gaishe ku!" Tana da wani ɗan lanƙwasa da take yi wa gaɓar ƙarshe, wanda yara suka riƙa kwaikwaya a hanyar makaranta har suka girma 'ya'yansu suka gada. Ta san gidan da aka yi haihuwa, sai ta sassauta murya. Ta san inda ake zaman makoki, sai ta kashe lasifika har a wuce. In ta hango mace sunkuye a gonar shinkafa, sai ta yi mata godiya da sunanta. Oribe ya ci zaɓen farko, ya ci na biyu, ya yi ta ci har aka daina tsayawa takara da shi da gaske.

Wajibi ne in yi wa marigayin adalci. Ba waliyyi ba ne, kuma ba ɓarawo ba ne. Ya kawo kwalta har Okunai, ya kawo motocin share dusar ƙanƙara, ya kuma kafa ƙaramin asibiti a tsakiyar kwarin, ya yi ta kare shi a majalisa duk lokacin da aka zo kasafi aka ce ba ya riba. Laifinsa, wanda ya fi kowane cin hanci tsada a ƙarshe, shi ne bai taɓa yarda wani ya yi tsawo a gefensa ba. Babban itace ba ya barin tsiro a gindinsa. Mutanen kwarin kuma suka ji daɗin inuwar, suka sauke wa kansu nauyin tunani. In an tambayi mutum ra'ayinsa kan wata doka, sai ya ce Sensei ya sani, wato Malam, laƙabin girmamawa da muke kiran Oribe da shi.

Shozo ya bar aiki da 'yan shekaru sai ƙodarsa ta gaza. Tun daga nan rayuwar gidan ta rataya a kan injunan wankin ƙoda da ke asibitin kwarin: yau a je, gobe a huta, jibi a koma. Tafiyar ba ta da nisa, ko dusar ƙanƙara ta kai rufin gida motar sharewa na buɗe wannan ɗan tsakanin. Fusae ta riga ta yi sallama da aikin mota, tana kula da miji da 'yar gonarta ta kayan miya.

A ƙarshen wata bazara Oribe ya miƙe zai yi jawabi a wajen wani bikin aure, ya yanke jiki ya faɗi, bai sake tashi ba. Ba a gama ƙona turaren makokinsa ba aka sanar da ranar zaɓen cike gurbi. Mutanen Nagiura, waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana, suka tsayar da wani mai kantin magani, Senda Ryoichi, wanda ya faɗa a fili cewa za a rufe asibitin kwari a haɗe shi da babban asibitin bakin teku, domin a cewarsa ba a ciyar da injuna saboda ƙauyukan da ke mutuwa.

Ana tsakiyar girbin shinkafa Kashimura ya zo gidan Fusae. Shi ne mai gidan dafa giyar shinkafa na kwarin, kuma shugaban magoya bayan marigayin. Ya durƙusa a bakin tabarma, ya tura ɗan kwalin alewa gabanta, ya liƙa wa sunanta san, kalmarmu ta girmamawa.

"Fusae-san, roƙo ya kawo ni."

"Shugaba, na tsufa. Haƙoran gaban nan ma na aro ne."

"Ba haƙora muka zo nema ba, murya muka zo nema."

Shozo, wanda ke kishingiɗe a gefe da bargo a ƙafa, ya ce, "Ku ɗauke ta, Shugaba, har da tukwici. Shekara arba'in ina neman mai aronta in ji yadda shiru yake."

"Baba, rufe baki, manya na magana," in ji Fusae, wadda haka take kiran mijinta.

"To, na rufe. Wa kuka tsayar?"

Kashimura ya ce, "Hiruta-kun," yana liƙa wa sunan kun ɗin da muke liƙa wa na ƙasa da mu.

"Mai riƙe jakar Sensei? Wannan da in ya gaishe ka sai ka waiga ka nemi inda sauro yake?"

"Shi ne ya rubuta duk takardun da suka kawo injunan da ke wanke maka jini, Shozo-san."

Shozo ya sauke kai ya gyara bargon da ke ƙafarsa.

Hiruta Kenzo sakataren marigayin ne na shekara ashirin, mutum mai ƙwazo da sanin doka, amma ko a garinsu in aka ce a faɗi sunansa na yanka sai an yi tunani. Kashimura bai ɓoye mata komai ba: ƙuri'un bakin teku na Senda ne, na tsakiya a rabe suke, wanda ya kwashe ƙauyukan tudu shi ne ya ci, ƙauyukan tudu kuwa murya ɗaya suke buɗe wa ƙofa. Fusae ba ta bukatar a yi mata bayani. Hanyar Nagiura mai kwana-kwana ce a gefen rami, kuma a lokacin sanyi takan rufe kwana da kwanaki. Mai wankin ƙoda ba ya jiran hanya ta buɗe. Ko dai Hiruta ya ci su mutu a gidansu, ko ya faɗi su kwashe kaya. Ta sunkuya ta karɓa.

Ta yi ƙoƙari, kada wani ya ce ba ta yi ba. Tana wanke shinkafa tana maimaitawa, tana fere kanya za ta rataya a ƙarƙashin rufi tana maimaitawa: "Hiruta, Hiruta, Hiruta Kenzo ne."

"Ke, kamar mai tauna tsakuwa," in ji Shozo.

"Ba laifina ba ne, sunan ne ba shi da inda za a kama."

"To ki gaya wa uwarsa ta sake masa wani."

Ranar farko da ta biyu motar ta zaga kwarin, Hiruta a kujerar gaba da ɗamarar takara mai ɗauke da sunansa, Fusae a baya. Ta kira sunan daidai, ba kuskure ko ɗaya. Ƙofofi suka tsaya a rufe. Masu girbi suka ɗago kai, suka gane muryar, suka saurari sunan, suka mayar da kai ƙasa kamar waɗanda aka kira da kuskure. Duk wanda bai yi wannan aiki ba ba zai san zafin ɗaga wa bango hannu yini guda ba.

Rana ta uku, da la'asar, gajiya ta kama ta suna hawa gadar Okunai. A nan ne ta saba buɗe murya shekara talatin, domin dutsen da ke gaba yana mayar da sauti har ƙarshen ƙauyen. Kafin hankalinta ya iso, bakinta ya riga ya tafi: "Oribe, Oribe, Oribe Sakuji ne ya zo..." Ta datse maganar ta rufe baki da farar safarta. Direba ya taka birki.

Sai ƙofofi suka fara buɗewa. Tsofaffi suka fito, wasu da sanda, wasu da tsumman wanke-wanke a hannu. Wata tsohuwa da ake kira Iya Toyo, wadda ta haura tamanin, ta dafa gefen motar tana hawaye, tana liƙa wa sunan Fusae chan kamar yadda ake kiran yarinya.

"Sake faɗa, Fusae-chan. Tun ranar jana'iza kowa raɗa sunansa yake yi. Sake faɗa da ƙarfi in ji."

"Iya, kuskure na yi. Ga Hiruta-san nan, magajinsa..."

"Na sani, na sani, yaron kirki ne. Ke dai sake faɗa."

Ta sake faɗa. Aka kawo musu shayi da dunƙulen shinkafa, aka yi ta riƙe hannun Hiruta ana kuka, ana ba shi labarin ubangidansa kamar bai taɓa ganinsa ba.

Kashimura da ya ji labari sai ya buga cinya. Daga ranar aka sake kiran: "Oribe, Oribe, magajin Oribe Sakuji, mai cika burin Oribe, Hiruta Kenzo ne." A takarda wannan jimla ba ta da aibi. Amma mota ba takarda ba ce. Mota tafiya take yi, kuma kowane gida yanki kawai yake samu daga jimlar. Kwarinmu kwana ne bisa kwana. Farkon magana yakan iske mutum a tsakar gidansa, ƙarshenta kuwa yakan faɗa bayan dutse. Sa'an nan muryar ita kanta tana da zaɓi: wajen tsohon sunan takan buɗe ta yi lanƙwasan nan da kowa ya sani, wajen sabon takan sauka kamar mai ajiye kaya.

Hiruta ya lura. Wata rana da tsakar rana, suna cin abinci a bakin hanya, ya matso kusa da ita.

"Fusae-san, ki gafarce ni, ina da 'yar magana."

"Faɗi, Hiruta-san."

"Tun safe sunan Sensei nake ji. Nawa yakan zo ne bayan mun riga mun wuce gidan."

"Ranar da nake kiran naka zalla, wa ya leƙo? Kare ɗaya, shi ma haushi ya yi."

Direba ya ƙware da shayi don dariya. Hiruta ya yi murmushin dole, ya ce, "Gaskiya ne. Sai dai ba sunan Sensei ake so su rubuta ba."

"Haba, Hiruta-san! Mutanen nan da ƙafarsu suka raka gawarsa. Yara ka ɗauke su?"

Kashimura ya sa baki yana goge hannu: "Rabu da ita, Hiruta-kun. Zaɓen makoki ba a faɗuwa, kowane hawaye ƙuri'a ne. Kai dai ka yi ta sunkuyawa, shi ka fi iyawa."

Hiruta ya sunkuya. Shekara ashirin ya yi yana cewa to, bai san yadda ake faɗin akasinsa ba.

A nan ne nake ganin kuskuren ya tashi daga tuntuɓen harshe ya zama wani abu dabam. Na kan gada ba laifi ba ne. Ko doki mai ƙafa huɗu yana tuntuɓe. Amma abin da ya biyo baya zaɓi ne. Fusae ta san amfanin kiran suna fiye da kowa a lardin, domin ita ce ta shuka wancan sunan a yatsun mutane da kanta. Da ta zauna ta tambayi kanta wane suna ke sauka a yatsu yanzu, da ta samu amsa cikin ƙiftawar ido. Ba ta tambaya ba, domin ƙofofi na buɗewa, kuma buɗewar ƙofa tana da daɗi. Ta ɗauki ɗaga hannu a matsayin ƙuri'a, alhali ɗaga hannu gaisuwa ce kawai. Zuwa ranar ƙarshe, in an shiga ƙauyukan tudu, sau da yawa takan kai tsakiyar jimlar ta ga mutane sun fito, ta koma farko.

Ranar zaɓe ta raka Shozo makarantar firamare, yana dogara sanda. Kamar kullum, an manna takarda mai sunayen 'yan takara a bangon kowace rumfa, daidai idon mai rubutu. Tsofaffin tudu suka fito kwansu da kwarkwatarsu, har waɗanda aka turo a keken guragu, Kashimura na tsaye nesa da ƙofa yana murna.

Da gari ya waye kowa ya ji. Senda ne ya ci, da tazara ƙanƙanuwa. Lalatattun ƙuri'u kuwa sun yi tarin da ba a taɓa gani ba a yankin, sun ninka tazarar, kuma waɗanda suka sa ido a wajen ƙirga sun ce mafi yawansu suna ɗaya ke kansu, an rubuta shi a tsanake, baƙi-baƙi ba kuskure, sunan mutumin da aka ƙona gawarsa bisa al'adarmu, tokarsa na cikin tulu. Wasu ma sun ƙara da godiya a ƙasan sunan.

Fusae na tsaye a madafa, tukunyar miya na tafasa ba ta gani. Ta juyo wajen mijinta.

"Baba, me ka rubuta?"

"Abin da kika ce."

"Me na ce?"

Ya dubi bargon da ke ƙafarsa. "Ke, shekara talatin ban taɓa ɗaga kai na dubi takardar bangon nan ba. Na ɗauki fensir, na ji muryarki a cikin kaina, hannu ya tafi abinsa. Sai da na jefa na tuna. Na ce ai ɗaya ce, me za ta yi."

Ta zauna a ƙasa.

"Ke fa?" in ji shi, ba da zolaya ba.

Ta yi ƙoƙarin tuna abin da ita ta rubuta. Ta tuna sanyin fensirin a yatsunta, ta tuna bakin akwatin. Abin da ke tsakani ya ɓace mata, kuma bai taɓa dawowa ba.

Na daɗe ina auna wannan al'amari, kuma ba na jin laifin ya taru a kan mutum ɗaya. Marigayin yana da kaso, domin ya bar gida ba magaji. Kashimura yana da kaso mafi girma, domin shi ne ya mayar da tuntuɓe dabara, kuma shi ne aikinsa tunani. Hiruta ya ga ramin ya nuna shi da yatsa, sa'an nan ya bi sahu ya faɗa. Masu zaɓen kuwa, babu wanda ya kama hannun ko ɗaya daga cikinsu. Wasunsu ma na tabbata ba mantuwa suka yi ba, sun ga ya fi musu daɗi su gaida mamaci da su taimaki rayayye, suna zaton maƙwabci zai rubuta abin da ya kamata. Amma laifi tudu ne, kowa nasa yake takawa ya hango na wani. Kuma a cikin waɗannan duka, mutum ɗaya ce kowa ya ji da kunnensa.

Babu wanda ya zage ta; ba haka muke yi ba. Gaisuwa ce ta gajarce. In an yi rasuwa a ƙauye matan unguwa suka taru girki, sai a manta a aika mata. Kashimura ya faɗa a taron magoya baya, cikin murya mai tausayi, cewa tsufa ba ya sallama, kuma da ya sani da ya nemo yarinya daga birni. Iya Toyo ta haɗu da ita a bakin gada ta ce, "Ni abin da kika faɗa na rubuta, 'yar nan," ta wuce. Hiruta kaɗai ya zo gidan, ya durƙusa ya sa goshi a tabarma ya nemi gafararta don ya jawo ta cikin wahala, abin da ya fi mata zagi ciwo. Bayan wata biyu ya samu aikin ofis a wani lardi ya tafi.

Senda bai yi wani abu da bai faɗa ba, saboda haka ba zan zarge shi ba. Da aka zo kasafi babu wanda ya miƙe don asibitin kwari, kuma abin da ba a miƙe dominsa ba a majalisa ya mutu. Kaka na zagayowa aka loda injunan a babbar mota aka gangara da su.

Shozo ya ce ba inda za shi. "A gidan nan aka yanke mini cibi, a nan za a ɗaure mini haɓa." Suka gwada bin bas zuwa Nagiura. Kafin sanyi ya yi nisa dusar ƙanƙara ta zubo daga dutse ta toshe hanya, kwanan wanki ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya, ya kasa kwanciya sai a zaune. Da ƙyar aka fitar da shi a bayan motar sharewa. Likita ya ce wa Fusae in haka ta sake faruwa kada ta wahalar da kanta kawo shi.

'Yarsu tilo, Yoriko, wadda ke aure can kudu mai nisa, ta zo ta nema musu ɗaki biyu a hawa na sama na wani gidan haya kusa da babban asibitin, ta koma. Tagar ɗakin na kallon bangon kamfanin daskarar da kifi. Sun rufe gidan Okunai da katako, suka ce sai bazara. Shozo ya yi ƙoƙarin ci gaba da barkwanci. Yakan ce yanzu ya zama ɗan birni, har warin birni yake yi. Amma barkwanci yana bukatar wanda ya san mutum tun yana yaro, a nan kuwa ba wanda ya san ko sunansa, lamba ake kira ya miƙe. Bai taɓa ɗora mata laifi ba, ita ma ba ta taɓa ɗora masa ba, sai dai maganar ta zauna a tsakaninsu kamar baƙon da ya ƙi tafiya. A sanyi na biyu ya rasu a kan gadon wankin, ma'aikaciyar jinya ta zaci barci yake.

Da dusar ƙanƙara ta narke, Fusae ta ɗauki tulun tokarsa a cinya ta hau bas zuwa Okunai, don ta sa shi a kabarin iyayensa, da niyyar ta buɗe gidan ta zauna, tun da yanzu babu abin da ya ɗaure ta a bakin teku. Ta tarar rufin ya rufta. A al'adar kwarin, in mai gida ba ya nan maƙwabta sukan hau su sauke masa dusar kafin ta yi nauyi. Sanyi biyu ba wanda ya hau. Ba lallai ƙiyayya ba ce, domin maƙwabtan da ke da ƙarfin hawa rufi su ma sun bi asibitin sun gangara. Ta binne tokar, ta zuba ruwa a kan dutsen kabarin, ta tsaya a gaban ginshiƙan da suka karye har lokacin bas na komawa ya yi.

Ta ƙara shekara huɗu a Nagiura, biyu a ɗakin hayar, biyu a gidan kula da tsofaffi bayan ta faɗi a matakala ta karya ƙugu. A can ta rasu. A lokacin an riga an daina kai bas Okunai, kuma gidajen da ke da hayaƙi a ƙauyen ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Yoriko ta zo ta karɓi tokar uwarta, ta tambayi yadda ake hawa tudu, aka gaya mata sai da motar haya, kuma babu mai share makabartar yanzu. Ta yi shawara da mijinta, ta tafi da tulun kudu, ta ajiye shi a wani ɗakin ajiyar toka na haya a garinsu. Shozo yana Okunai, Fusae tana can.